Allo Uku a Ɗakin Kawu Ilu

Ba zan taɓa mantawa da kebul biyun nan baƙaƙe ba, ko da na tsufa har na fara manta sunayen jikokina. Ranar da Yaya Bashiru ya miƙo min su a shagonsa na gyaran kwamfuta a unguwar Adidogomé, sai da ya ce, "Ka manna musu takarda, ka rubuta hagu a wannan, dama a wancan. Kamarsu ɗaya, za su ruɗa ka." Na ce masa ni ba ɗan firamare ba ne da za a riƙa rubuta min hagu da dama. Na cusa su a jaka, na haye zemijan, wato acaɓa, na yi gida. Iyakar laifina ke nan. Duk abin da ya biyo baya 'ya'yansa ne da jikokinsa.

Bari in gabatar da kaina yadda ya kamata. Ni gwanin tseren mota ne. Ba a kan titi ba (a kan titi ko keke ba mu gama fahimtar juna da shi ba), a kwamfuta nake nufi. Ina da sitiyari na hannu da ake ɗaurewa a bakin tebur, da totur da birki a ƙasa, kuma shekara biyu ina tuƙi a kan wani ɗan allo wanda faɗinsa bai wuce faifan tuwo ba. A ajinmu na lise, wato babbar sakandare, mutum ɗaya ne yake kayar da ni, Kojo, wani ɗan unguwar Avédji mai yawan murmushi. Kullum a kwana yake cinye ni. Ina cikin tafiyata sai kawai in ga bayan motarsa a gabana, ban san ta inda ya biyo ba.

Na zauna na yi nazari mai zurfi irin na masana, na gano cewa matsalar ba daga ni take ba. Daga allon take. Na ga bidiyon manyan 'yan tsere, kowa da allo uku sun kewaye shi kamar gilasan mota: ɗaya a gaba, ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Mai allo uku yana ganin wanda ke gefensa. Mai allo ɗaya kuwa kamar jakin da aka rufe wa gefen ido ne.

Wata uku na yi ina damun Yaya Bashiru. Ya shiga wanka ina bakin ƙofa, ya fito masallaci ina riƙe da takalminsa. Da ya gaji sai ya haɗa min da abin da ke kwance a shago. Allon farko dai nawa ne. Na biyu daga wani ofis da ya rufe ya fito, farinsa yana da shuɗi-shuɗi kamar an wanke shi da bula. Na uku tsohuwar talabijin ce mai kauri a baki, ita kuma komai a cikinta ya yi rawaya, kamar an soya shi da manja. Ya ƙara wa kwamfutar wani abu a ciki don ta iya ɗaukar su duka, sannan ya ba ni kebul ɗin nan biyu da shawarar da na yi watsi da ita.

Sai matsalar wuri. Ɗakinmu mu uku ne da ƙannena, in ka miƙe hannu sai ka mari wani. Amma a bakin ƙofar gidanmu akwai ɗakin Kawu Ilu, wan mahaifiyarmu Mma, direban tirela da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Yamai. Ba kwana yake a ciki ba. Ajiya yake yi: tampol, igiyoyi, tsofaffin tayoyi, da wata kujerar mota da ya cire tun ina rarrafe. A lokacin yana kan hanya, makullin kuma yana rataye a ƙusa a ɗakin Mma. Na ɗauka a matsayin aro (ban dai gaya wa mai shi ba, amma a zuciyata aro ne). Na ja tampol ɗin na jibge a baranda, na share, na jera alluna uku a kan benci da bulo, na kafa kujerar nan a tsakiya. Na zagaya baya na soka kebul ɗaya nan, ɗaya can, yadda hannuna ya ga dama.

Da na kunna, wallahi sai da na ce "Masha Allah" da ƙarfi ni kaɗai. Titi a gabana, duniya a hagu, duniya a dama. Na ji kamar in nemi fasfo.

Yanzu za ku ce, to ba ka lura an juya ba? Ku saurara, ina da hujjoji, kuma masu ƙarfi ne. Na ɗaya, motar da nake tuƙawa irin mai kujera ɗaya ce a tsakiya, taya a nan taya a can, madubi a nan madubi a can, hagu da dama duk kamarsu ɗaya. Na biyu, allunan ba girmansu ɗaya ba, ba launinsu ɗaya ba, don haka da na ga hoton bai haɗu daidai a bakin allo ba sai na ɗora wa talabijin mai manja laifi. Na uku, gaskiya na ga wasu alamu. In na tura kibiyar kwamfuta hagu sai ta ɓace ta ɓullo can ƙarshen dama. Na ce tsufa ne. Itatuwan gefen titi kuma, maimakon su wuce ni su yi baya, sai su riƙa tahowa daga gefe suna shigewa tsakiya kamar ana zuƙe su. Na ce ai wannan shi ne gudun gaske, talaka mai allo ɗaya ba zai gane ba.

Minti goma da farawa kaina ya fara juyawa. Na sauka daga kujera ina tangaɗi kamar wanda ya sauko daga kwalekwale. Washegari haka, jibi haka. Kullum na dawo daga makaranta in shiga da ƙarfina, in fito ina dafa bango. Mma ta dube ni ta ce palu ne, wato zazzaɓin sauro, ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Aka soki yatsana aka ce babu komai. Ba ta yarda ba, ta dafa min ganyen darbejiya mai ɗacin da zai sa mutum ya tuba daga laifin da bai yi ba. Na sha kofi biyu a rana, mako biyu cur, ban ce uffan ba, don in na faɗi gaskiya ɗakin za a rufe.

A makaranta kuwa labari ya sha bamban. Na tara 'yan ajinmu a gindin mangwaro na ce, "Kun san direbobin tsere na gaske in sun fito daga mota sai an riƙe su? To ni ma na kai wannan matakin."

Kojo, mai kiran kowa ɗan'uwa da Faransanci, ya ce, "Mon frère, to lokacinka ya ragu?"

Na ce, "Lokaci ba shi ne komai ba. Yanzu ina ganin titi ne gaba ɗaya."

Gaskiyar magana, tunda na ƙara allo ban gama tsere ɗaya lafiya ba. Sai in ga mota ta taso ta dama, in kauce hagu cikin ladabi in ba ta hanya, sai ji kake garam, mun haɗu. Na yanke hukunci cewa mutanen da ke wasa a intanet ba su da tarbiyya. Har wani bawan Allah daga wata ƙasa ya rubuto min magana mai tsawo da manyan baƙaƙe, na ce hassada ce. Daga baya, ba tare da na sani ba, wuyana ya koyi dabara: ya daina juyawa. Na kafe idona a allon tsakiya kawai. Wato na sha wahalar wata uku na tara allo uku don in riƙa kallon wanda nake da shi tun farko.

Ranar wata Alhamis Kawu Ilu ya dawo. Abin da ya fara cin karo da shi tampol ɗinsa ne a baranda, ruwan sama ya taɓa gefe ɗaya, akuyar maƙwabta kuma ta mai da ɗaya gefen gado. Bai yi faɗa ba. Kawu ba ya faɗa, kallo yake yi, irin kallon da yake wa taya kafin ya yanke mata hukunci. Ya leƙa ɗakin, ya daɗe a tsaye.

"Wa ya buɗe gidan sinima a ɗakina?"

Na ce, "Kawu, sannunku da hanya. Ba sinima ba ce, makarantar tuƙi ce. Duk abin da kuke yi a hanyar Yamai ana koyonsa a nan, har da ƙari."

"Har da ƙari."

"Ƙwarai, Kawu. Ku a tirela nawa kuke gudu? Ni ina ninka shi uku."

(In da akwai wanda ke ƙaunata a kusa, a nan ya kamata ya toshe min baki.)

Kawu ya shafa gemu ya ce, "To madalla, an samu direba a gida. Ranar Lahadi bayan la'asar zan zo in zauna. Ka zagaya filin nan naka sau uku tare da sauran motoci, ba ka taɓa kowa ba, kowa bai taɓa ka ba. In ka yi, ɗaki ya zama naka, tampol ya koma gareji. In ka kasa, kafin a kira magariba ka kwashe gilasanka, ka wanke min tampol, ka mayar yadda ka same shi."

Mai hankali zai yi shiru ya je ya yi ta gwaji. Ni kuwa sai na gayyaci jama'a. Na gaya wa Kojo ya zo ya ga yadda ake yi. Na gaya wa Rukayya, shugabar ajinmu, wadda in ta yi dariya a Zongo ana jiyowa a babbar kasuwar Assigamé, wadda kuma (wannan tsakaninmu ne) na daɗe ina so ta daina kirana "kai yaron nan na layin baya". Ta ce za ta zo da ƙawayenta biyu. Labari ya zaga layinmu, har mai shayin bakin titi ya ce a ajiye masa wuri.

Ranar Lahadi Mma ta dafa ayimolu, shinkafa da wake ke nan da yaji mai tada matacce. Na ci kwano biyu da soyayyen wagashi, cukun nan na nonon shanu, na bi da zoɓo mai sanyi, saboda na taɓa jin Kawu yana cewa direba ba ya kama hanya da yunwa. Kojo ya iso a kan babur ɗin yayansa, na karɓi hular kwanon yayan nasa na kifa a kai, don a ga abin da tsari. Ɗakin ya cika maƙil, wasu a taga, fanka tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kawu ya ja bokiti ya kife ya zauna daidai bayan kujerata.

Rukayya ta ce, "Hular ta mece ce? Rufin ɗakin ne zai faɗo?"

Na ce, "Za ki gani."

Aka tashi. Na bar duk motocin suka yi gaba, na bi su a baya da nisa, idona a allon tsakiya kamar an kafa shi da ƙusa. Dabarata ke nan: wanda ba ya kusa da kowa ba zai taɓa kowa ba. Rabin zagaye na farko ya tafi lafiya lau, har na fara tunanin launin fentin da zan yi wa ɗakin.

Sai na ji an ƙwanƙwasa hular ta hagu. Ƙwas.

"Direba, madubi."

"Kawu, ai ba kowa a—"

Ƙwas, ta dama. "Madubi. Direban da ba ya duba madubi gawa ce ke riƙe da sitiyari. Kowane numfashi biyar, hagu, dama, gaba. Haka aka koya min, haka nake koya wa duk wanda ya zauna a gabana."

Haka Kawu ya mai da kaina ganga. Ƙwas, in duba hagu, duniya mai shuɗi tana gudu ta inda bai kamata ba. Ƙwas, in duba dama, duniya mai manja ita ma tana nata. Abin da wuyana ya yi mako biyu yana kare ni daga gare shi, Kawu ya rushe shi a minti ɗaya. Ayimolu ya fara motsi. Na ji wagashi yana tambayar wake ko su ma su fito su ga tseren.

"Kuma wannan rarrafen fa?" in ji Kawu. "Ba kai ne mai ninka ni uku ba? Taka mana."

Jama'a suka ɗauka, "Taka! Taka!" Muryar Rukayya a sama da ta kowa. Na taka. A zagaye na biyu na cimma wata jar mota, na wuce ta a miƙe, ɗakin ya kaure da ihu, na ji kaina ya ƙara girma a cikin hular. Muka doshi kwana. Ƙwas. Na duba, ga jar motar ta dawo, hancinta ya ɓullo a allon dama. Cikin ƙwarewa da natsuwa, na murza sitiyari hagu don in ba ta wuri.

Garam!

Motata ta tashi sama, ta juya sau biyu, ta sauka a cikin tayoyin gefen titi. A alluna uku. Ban taɓa ganin hatsari mai faɗi haka ba.

Na buɗe baki zan fara bayanin rashin tarbiyyar jar mota, sai Kawu ya miƙe ya matso, ya sa yatsa a allon dama.

"Tsaya tukuna. Motar nan a nan na gan ta. Ka kauce can. Ta yaya ka same ta a can?" Ya dubi allon hagu, ya dubi na dama, ya sake duban na tsakiya. "Wannan katangar da ke gabanka a hannun hagu take. Me ya kawo ƙarshenta dama? Kai, yaro. Gilashin hagu ka sa a ƙofar dama!"

Kojo ya leƙa bayan benci, ya ɗago yana riƙe da ciki. "Mon frère, kebul ɗin ne. Ka juya su. Tun yaushe kake tuƙi haka?"

Na so in amsa. Wallahi na shirya amsa mai kyau. Amma da na buɗe baki ba magana ce ta taho ba. Abin da na iya yi kawai shi ne na fizge hular daga kaina na tara a gabana, ayimolu kwano biyu da wagashi da zoɓo suka dawo duniya gaba ɗaya, a gaban Rukayya da ƙawayenta biyu da mai shayi da rabin layinmu. A cikin hular yayan Kojo.

Murmushin Kojo ya ɗauke, karo na farko tun da na san shi.

Mma ta jiyo hayaniya ta shigo da gudu tana ture mutane. "Ban faɗa ba? Na ce palu ne, likitocin nan ba su san komai ba!"

Kawu ya ce, "Hajo, kwantar da hankalinki, ba palu ba ne. Aman mota ne."

Mma ta dubi ɗakin, ta dubi benci da bulo. "Wace motar?"

A nan Rukayya ta fashe. Ina da yaƙinin an ji ta a Assigamé, wataƙila har masu kamun kifi a bakin teku sun ɗago kai. Kawu ya jira ta lafa, sannan ya ce, "Tun kafin a haifi yaron nan nake kan hanya. Na ga fasinja ya yi amai, na ga rago ya yi amai. Amma direba, a cikin ɗaki, a kan kujerar da ba ta da taya, yau na fara gani."

Sai Mma ta juyo kaina a hankali. "Wato darbejiyar da na yi mako biyu ina dafawa..." Ban tsaya jin ƙarshen ba, na fita da hular zuwa bakin famfo.

Ina can ina wanki ina jiyo su. Kojo ya musanya kebul ɗin, abin bai ɗauke shi ƙiftawar ido biyu ba. Da na dawo na leƙa ta taga, sai ga Kawu Ilu a kan kujerata. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi bismilla, ya laluba gefen sitiyari yana tambayar ina sigina. Aka ce babu. Ya ce Allah ya kyauta. Ya tashi motar tseren nan kamar yana ɗauke da tan talatin na shinkafa, hagu, dama, gaba, duk wanda ya taho ya matsa masa ya wuce har yana ɗaga masa hannu. Ya zagaya sau uku, ya zo na ƙarshe da tazarar da ta isa a sha shayi, amma ko ƙura bai taɓa ba. Aka yi ta tafi kamar ya ci kofi.

Ya zauna yana kallon allunan, yanzu titi ya haɗu daga bango zuwa bango. Sannan ya ce wa Kojo, "Ɗan nan, a cikin abin nan akwai mai tirela?"

Kojo ya ce akwai, har da mai ja da baya a shiga wurin sauke kaya.

"Sa min."

Abin da na koya dai shi ne, in za ka yi kuskure, yi shi a ƙaramin allo, kuma kada ka gayyaci mai shayi.

Ga yadda aka ƙare. Na faɗi, don haka na wanke tampol, ya ɗauke ni har bayan magariba. Amma bai koma ɗakin ba, gareji aka kai shi, domin Kawu ya ce a bar gilasan inda suke. Washegari ya sayo sabon kwaɗo ya sa a ƙofar. Hular kuwa na wanke ta sau uku da sabulu da lemun tsami, yayan Kojo ya shinshina ya ce in riƙe. Rukayya ta daina ce min yaron layin baya, yanzu "Direba, madubi" take kirana, ajin gaba ɗaya sun ɗauka. In Kawu yana gari yakan bar ni in shiga bayan ya gama nasa, da sharaɗin in yi ja da baya da tirela sau biyar kafin in taɓa motar tsere. In ba ya gari ɗakin a kulle yake. Yanzu haka yana hanyar Yamai, makullin yana aljihunsa.